Tarihin Mazaunin Na'urar Hangen Taurari

Ya kai mai karatu, ka sani kallon sama ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Manomin Dakoro ya san lokacin da kaza da ƴaƴanta ke ɓacewa cikin bazara, ya san lokacin da suke sake fitowa da asuba, da haka yake lissafin kusantowar shuka. Makiyayi ya san Gamzaki. Madugun ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Abzin zuwa Bilma da taurari yake kama hanya cikin dare. Kowace shekara kuma jama'a na fita bayan gari da magariba neman jinjirin watan azumi. Duk wannan da ƙwayar ido kaɗai ake yin sa.

Yanzu kuwa na'urar hangen nesa, wadda Turawa ke kira teleskop, ta fara shigowa hannun talaka. Wani ɗan'uwansa ne zai aiko masa daga ƙasar waje, wani a intanet zai gani ya yi sha'awa, wata makaranta kuma ta tara kuɗi ta sayo wa yara. Irin da ya fi araha, in an dubi girmansa, shi ne mai madubi a ciki. Amma tambayar da mai saye ya kan yi guda ɗaya ce: sau nawa take ƙara girman abu? Ba safai ya kan tambayi abin da na'urar za ta zauna a kai ba, alhali kuwa nan ne kuɗin mutane ke halaka. Madubi mai kyau a kan mazauni mai rawa, kwana biyu za a yi ana marmarinsa, a kwana na uku a jingine shi a lungu ƙura ta rufe shi.

Masana sun yi shekara fiye da 400 suna fama da wannan magana ta mazauni. In ka ji yadda suka yi, za ka san abin da ya dace da kai.

Wahala biyu

Wahala ta farko ita ce rawa. Na'urar da ke ƙara girman wata sau 100, haka take ƙara girman rawar hannunka sau 100. Iska kaɗan, ko taɓawar ɗan yatsa, ta isa ta sa wata ya riƙa tsalle a idonka har ka kasa ganin kome.

Wahala ta biyu ita ce tafiyar sama. Duniya tana juyawa a kanta kamar mazari, sau ɗaya kowace kwana, shi ya sa muke ganin rana da wata da taurari na fitowa gabas suna faɗawa yamma. In an raba da'ira kashi 360, kowane kashi sunansa digiri. Sama tana tafiyar digiri 15 cikin awa ɗaya, watau digiri ɗaya cikin minti 4. Faɗin wata rabin digiri ne, saboda haka cikin minti 2 ya gusa daga inda yake gaba ɗaya. Ido bai lura da wannan, amma cikin na'ura ƙiri-ƙiri ake ganin sa. In ka ƙara girma sau 50, tauraro zai ratsa maka daga gefe zuwa gefe cikin kamar minti 4. In ka kai sau 150, minti ɗaya da ƴan daƙiƙu ya wuce.

To, ka ga aikin mazauni ke nan: ya riƙe bututu daram, sa'an nan ya bar shi ya motsa a hankali in an so a bi tauraro. Haɗa waɗannan biyu shi ne abin da ya ba masana wuya.

Daga gilashi zuwa madubi

A shekarar 1608 wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nuna wa hukuma bututu mai gilashi biyu da ke jawo nesa kusa. Labari ya kai Italiya, Galileo ya ƙera nasa a 1609. A watan Janairu na 1610 ya ga ƙananan watanni huɗu na kewaya Mushtari.

Gilashin wancan zamani yana da aibi: ya kan sa wa tauraro gezar launi kamar bakan gizo. Maganin da suka samu shi ne su tsawaita bututu. Wani attajiri a birnin Danzig, Johannes Hevelius, ya kai nasa tsawon wajen mita 45. Ya kafa dogon gungume na wajen mita 27, ya rataya na'urar da igiyoyi, mutane na ja kamar masu jan guga a rijiya mai zurfi. Iska kaɗan sai abin ya kama lilo, katako ya lanƙwashe, igiya ta saki. Daren da ya yi amfani da ita kaɗan ne.

Isaac Newton na Ingila ya bi wata hanya. A 1668 ya narka jan ƙarfe da kuza, ya yi faifai mai ɗan zurfi kamar cikin kasko, ya goge shi har ya zama madubi. Ya sa shi a gindin bututu. Haske ya shiga ta baki, ya bugi madubin, ya dawo sama, wani ƙaramin madubi da aka karkata ya tura shi gefe, inda ido yake. Madubi ba ya raba launi, saboda haka ba a bukatar dogon bututu. Na'urar Newton ba ta kai taƙi ɗaya ba, madubinta bai kai faɗin santimita 4 ba. Wadda ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan a 1671 a kan ƙwallon katako take zaune, a juya ta duk inda ake so. Har yau na'urori masu madubi da talakawa ke saye, galibinsu wannan tsari na Newton ne: ta gefe ake leƙawa, kusa da baki.

A 1721 John Hadley ya ƙera mai madubin santimita 15, ya ɗora ta a kan mazaunin katako mai motsi biyu: a ɗaga sama ko a sauke ƙasa, a juya dama ko hagu. Bari mu kira irin wannan mazaunin tsaye. Riƙe shi a ranka, don za mu sake gamuwa da shi.

Mawaƙin Bath da mai gidan Birr

William Herschel mutumin Jamus ne da ya koma Ingila yana cin abinci da kiɗa a garin Bath. Da rana ya koyar da kiɗa, da dare ya goge madubi, ƙanwarsa Caroline tana taya shi. Ran 13 ga Maris 1781, a bayan gidansa, da na'urar da ya ƙera da hannunsa, mai bututun wajen mita 2 da madubin santimita 16, a kan mazaunin katako, ya gano duniyar da ake kira Yuranus. Tun da aka fara rubuta tarihi ba wanda ya ƙara ko ɗaya a kan duniyoyin da mutanen da suka sani, sai shi.

Sarki George na Uku ya ba shi kuɗi, fam 4000, ya gina babba. An gama ta a 1789 a garin Slough: tsawon bututu mita 12, faɗin madubi mita 1 da santimita 20. An rataya ta cikin wani babban dandamali na katako da tsani da igiyoyi, dukansa yana juyawa a kan ƙafafu. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Amma kafin a nufi tauraro ɗaya sai ma'aikata sun yi ta ja da turi, Herschel na sama yana ba da umarni, Caroline na ƙasa tana rubutu. Madubin kuma ya kan dushe da wuri, ga nauyi wajen fitarwa a goge. Mafi yawan aikin da ya yi suna da shi, da ƙaramarta mai mita 6 ya yi shi. Babbar tun 1815 aka daina kallo da ita.

A ƙasar Ailan kuma, wani basarake, William Parsons, wanda aka sani da Lord Rosse, ya gama tasa a gidansa na Birr a 1845. Faɗin madubinta mita 1 da santimita 80, nauyin madubin kaɗai wajen tan 3. Babu mazaunin da zai iya juya wannan kaya ko'ina, sai ya gina bango biyu na dutse, ya rataya bututun a tsakani da sarƙoƙi. Tana ɗagawa sama ta sauka, amma gefe kaɗan take motsawa. Dole a zauna a jira sama ta kawo tauraro tsakanin bangon biyu, a kalle shi kamar awa ɗaya, ya wuce, sai gobe. Duk da haka a wannan shekara ya ga wani gungun taurari mai siffar guguwa, abin da ba a taɓa gani ba. Sai yunwa ta faɗa wa Ailan, cuta ta kashe dankalin da suke ci, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. Aikin kallo ya tsaya wajen shekara uku, mai gida ya koma taimakon mutanensa. Mu da muka san 1973 da 1984 ba sai an yi mana bayanin wannan ba.

Ka lura, waɗannan mutane biyu madubinsu ya fi ƙarfin mazauninsu. Girman madubi bai hana su zaman jira ba.

Mazauni mai bin tauraro

Tauraro ba ya tafiya a miƙe. Hawa yake yi a karkace, ya sauka a karkace. Mai mazaunin tsaye dole ya yi motsi biyu kullum: ɗan turi gefe, ɗan ɗagawa sama. Masana suka ce, tun da duniya a kan sanda ɗaya take juyawa kamar mazari, kan sandar kuma yana nuna tauraron arewa, me zai hana a karkata sandar juyin mazauni ita ma ta nuna tauraron arewa? In an yi haka, juyi ɗaya tak ya isa a bi kowane tauraro daga fitowarsa har faɗuwarsa. Wannan shi ne mazauni mai bin tauraro, ko mu ce mazaunin karkace.

Dabarar tsohuwa ce. Masanin ƙasar Sin, Guo Shoujing, ya yi kayan awon taurari a kan wannan tsari tun wajen 1279, ba a ma san teleskop ba. Amma wanda ya gyara ta sosai shi ne Joseph Fraunhofer na Jamus. A 1824 ya ƙera wa gidan binciken taurari na Dorpat, garin da yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, na'ura mai gilashin santimita 24. Ya haɗa ta da agogo mai aiki da nauyi, agogon na juya ta daidai da tafiyar sama. Tauraro ya tsaya cak a ido, mai kallo ya sami hannu biyu na awo da rubutu. Da ita Wilhelm Struve ya lissafa tagwayen taurari fiye da 3000.

Wani ɗan kasuwa na Liverpool, William Lassell, wanda kallon sama sha'awa ce kawai gare shi, ya ɗora babbar na'ura mai madubi a kan irin wannan mazauni. Da mai santimita 61 ya gano watan duniyar Naftun ran 10 ga Oktoba 1846, kwana 17 bayan an gano duniyar kanta. A 1857 Léon Foucault na Faransa ya nuna yadda za a yi madubi da gilashi a shafe shi da azurfa, nauyi ya ragu, haske ya ƙaru. Da ɗaukar hoto ta shigo, mazaunin karkace ya zama tilas, don hoton tauraro mai duhu sai an bar na'ura a kansa awa da awanni ba ta kauce ba.

Ƙarshen wannan hanya shi ne dutsen Palomar na Amurka, 1948: madubi mai faɗin mita 5, mazauni mai siffar kofaton doki, nauyin abin da ke juyawa wajen tan 500, yana shawagi a kan siririn mai, ƙaramin inji na tura shi. Cikin waɗanda suka zana shi akwai Russell Porter. Wannan mutum, a 1920, aji ya buɗe na manya a garin Springfield, galibinsu ma'aikatan masana'anta, ya koya musu goge madubi da hannu bayan an tashi aiki. Ajin ya zama ƙungiya a 1923, daga nan sana'ar ta bazu cikin talakawan Amurka. Ashe karatun manya ya taɓa kai mutane har sama.

Akwai kuma wata dabarar bin sama da ta ratsa ta kanmu. Ran 30 ga Yuni 1973 aka yi husufin rana, inuwar wata ta bi ta Moritaniya da Mali da arewacin Nijar da Cadi. A ƙasa duhun bai wuce minti 7 da ƴan daƙiƙu ba, a arewacin Nijar ma ya fi daɗewa. Masana suka huda tagogi a rufin jirgin sama Concorde, suka kafa na'urorinsu, jirgin ya tashi daga tsibirin Kanariya ya shiga inuwar yana gudun fiye da kilomita 2000 a awa. Suka yi minti 74 cikin duhu, suka sauka a Fort-Lamy, birnin da a wannan shekara aka sa wa suna Njamena. Ran nan jirgi ne ya zama mazauni.

Komawa ga na farko

Mazaunin karkace yana da nasa nauyin. Kaya a karkace ba ya zama sai an rataya masa wani ƙarfe a ɗaya gefen ya daidaita shi, kamar mangala a bayan jaki. In madubi ya girma, ƙarfe ya girma, gini ya girma, kuɗi su ninka. A 1975 masanan Tarayyar Sobiyet suka gama na'ura mai madubin mita 6 a duwatsun Kaukasus, suka ɗora ta a kan mazaunin tsaye irin na Hadley, suka bar wa kwamfuta lissafin motsin nan biyu. Tun daga nan manyan na'urorin duniya wannan hanya suka bi, har da Keck ta tsibirin Hawai mai mita 10, wadda ta fara aiki a 1993. Babbar na'urar Afirka ta Kudu da ke Sutherland, wadda aka buɗe a 2005, ta ma fi haka sauƙi: ba ta ɗagawa ba ta saukewa, kewayawa kawai take yi, ta jira sama ta kawo mata tauraro, kusan yadda mai gidan Birr ya yi.

Talaka ma ya sami wanda ya mayar da shi ga mazaunin tsaye. John Dobson a birnin Beijin aka haife shi a 1915, iyayensa Amurkawa, suka koma San Francisco a 1927. Ya yi karatun kimiyyar haɗa sinadarai, sa'an nan a 1944 ya shiga gidan masu zuhudu na wata ɗariƙar Hindu, inda ba a riƙe kuɗi. A 1956 ya haɗa na'urarsa ta farko. Da ya ga wata a cikin wata na'ura da ya ƙera sai ya ƙudura kowa ma ya gani. Ba shi da ko sisi, saboda haka ya riƙa tsintar gilashin tagar tsofaffin jiragen ruwa yana gogewa da yashi ya zama madubi. Bututu kuwa, kwalin da magina ke zuba siminti a ciki in za su yi ginshiƙi. Mazauni, guntayen katako. Yawan fitarsa da dare yana nuna wa maƙwabta sama ya sa aka sallame shi daga gidan a 1967. Ya koma bakin titi da na'urarsa, duk mai wucewa ya kira shi ya leƙa, kyauta. Ya rasu a 2014 yana da shekara 98, bai taɓa yi wa dabararsa rajista don ya ci kuɗinta ba.

Ga yadda mazaunin Dobson yake. Akwati ne na katako marar murfi, ba shi da gefe ɗaya. An maƙala wa bututu faifai biyu, dama da hagu, suna zaune cikin gurbi a bakin akwatin, kamar yadda igwa ke zama a kan ƙafarta. Akwatin kuma yana juyawa a kan wani allo da ke ƙasa, ƙusa ɗaya mai noti ta haɗa su a tsakiya. Inda katako zai gogi katako, an sa ƴan guntayen roba mai santsi da ake kira Teflon, suna gogar fomika. Wani lokaci har tsohon faifan garmaho a kan sa a tsakani. Nauyi duka yana ƙasa, don haka ba ya rawa. In ka tura da ɗan yatsa ya tafi, in ka saki ya tsaya.

To, mu a Dakoro fa?

In ka sami na'ura mai madubi, ko kana shirin saye, ga abin da tarihin nan ke nuna maka.

Da farko dubi inda muke. Tsawon tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan gari daga tsakiyar duniya. Dakoro tana kan digiri 14 da rabi, Maraɗi 13 da rabi, Kano 12, Faris kuwa kusan 49. Miƙa hannunka ka dunƙule: faɗin dunƙulen kamar digiri 10 ne. Watau a nan tauraron arewa dunƙule ɗaya da rabi kawai yake bisa ƙasa, ga shi ba mai haske sosai ba. Lokacin hunturu hazo kan haɗiye shi, a cikin gari kuma katanga ko itace ya tare shi. Mazaunin karkace kuwa, duk daren da ka fitar da shi sai ka saita shi da wannan tauraro. Bayan haka, da yawa cikin na kasuwa don ƙasashen arewa aka yi su. In ka kwantar da sandar zuwa digiri 14, ƙarfen daidaito ya kan bugi ƙafar mazaunin. Masu araha daga cikinsu kuma ƙafafunsu sirara ne, rawa suke yi. Ga shi in bututu ya juya, wurin sa ido ya kan koma ƙasa ko baya, sai an kwance an gyara.

Saboda haka, in kallo da ido kake so, kai da iyalinka ko ɗalibanka, nemi mazaunin Dobson. Madubi mai santimita 15 ko 20, bututu wajen mita 1 da santimita 20, ya ishe ka. Mai santimita 20 nauyinsa duka wajen kilo 20 ne, kashi biyu ake ɗaukarsa, amalanke ya kai shi ƙauye. Ba ya son lantarki ko batir. Da shi za ka ga ramukan wata, da zoben Zuhalu, da watannin Mushtari huɗu da Galileo ya gani, ka ga Zara ta zama kamar jinjirin wata. Yaro ɗan shekara goma zai koyi bin tauraro da shi a dare ɗaya. Wajen neman jinjirin wata ma ya fi dacewa, don a kwance kake share yamma da shi daga dama zuwa hagu.

In bututun kaɗai ka samu, ko mazaunin da ya zo da shi mai rawa ne, kada ka yar. Kafinta na gari zai iya yin akwatin. Ka ce masa ya sa katako mai kauri. Allon ƙasa ya yi masa ƙafa uku, don mai uku ba ya gurgusawa, kamar duwatsun murhu. Faifan gefe ya yi su da faɗi, ƙanana ba su riƙe bututu. Kafin a maƙala su, a haɗa kome a jikin bututun, a ɗora shi a kan taɓarya a gano inda nauyin gaba da na baya suka yi daidai, nan ne wurinsu. Notin tsakiya kada a ɗaure shi tam. A shafa fenti saboda gara da damina.

Ko na saye ne ko na kafinta, ga gwaji. Saita na'urar a kan wani abu mai nisa, ka ƙwanƙwasa bututun da yatsa kana kallo. In rawar ta mutu cikin daƙiƙa 2 ko 3, mazauni ne. In ka ƙirga har goma tana rawa, bar wa mai shi kayansa, kome yawan lambar da aka rubuta a kwali.

Mazaunin Dobson yana da inda ya gaza, gara ka sani tun yanzu. Ba ya bin tauraro da kansa, kai za ka riƙa ɗan turawa kowane minti ɗaya ko biyu, in jama'a sun yi layi kuma sai ka gyara tsakanin mutum da mutum. Abin da ke tsakar ka sosai yana da wuyar bi da shi, a ƙasarmu kuwa wata da Mushtari su kan bi ta tsakar ka a wasu watanni. Maganin wannan shi ne ka kalle su kafin su kai can, ko ka ba su awa ɗaya su gota. Hoton wata za ka iya ɗauka in ka kara wayarka a wurin sa ido, amma hoton taurari masu duhu sai mazauni mai inji. In wannan ne nufinka, tambayi mai sayarwa ko sandar tana sauka ƙasa da digiri 15, ka tabbata kuma an yi mazaunin don ɗaukar abin da ya fi bututunka nauyi, ka shirya biyan kuɗin da ya fi na madubin.

Sauran abokan gaba biyu ne, rairayi da ƙura. Kafa mazauni a wuri mai tauri, ko ka shimfiɗa allo. Share wurin juyi kafin ka fara, don tsakuwa ɗaya ta isa ta sa shi cijewa. Rufe bakin bututu da gindinsa in ka gama. Kada ka share madubi da tsumma, ƙurarmu yashi ce, karce shi za ta yi. Fitar da na'ura waje kamar rabin awa kafin kallo, madubi ya huce daga zafin ɗaki.

Abu ɗaya kuma da ba a wasa da shi: kada ka nufi rana da na'ura, kada ka bar yaro ya yi, ko da husufi ake yi irin na 29 ga Maris 2006 da ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi. Madubin da ke tara hasken tauraro, in ya tara na rana, nan take zai ƙone ido, ba magani. Mai neman jinjirin wata ya jira sai rana ta faɗi sarai.

Allah ya ba mu abin da masu manyan na'urori ke tafiya mai nisa suna nema. Ka fita kaɗan daga Dakoro, ta hanyar Kornaka ko ta Birnin Lalle, a daren da babu wata babu hazo, duhun sama ya ishi kowane mai kallo. Muna ganin taurarin arewa, muna kuma ganin na kudu irin su Suhailu, wanda mutumin Faris ba ya gani daga garinsu ko ya hau soro. Abin da ya rage shi ne in na'ura ta zo hannu, a ba ta mazaunin da zai sa a riƙa fitar da ita kowane dare, malami da ɗalibai da tsofaffin unguwa kowa ya sa ido. Gani ya kori ji.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.